Wane ne Darcy ɗin nan da ya hana mu barci?

Ɗan_Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Mako biyu ke nan muna fama da dokar Darcy a darasin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Daren jiya da kaina ya ɗau zafi sai na ture lissafin gefe, na ce bari in ga wane ne ma mai dokar. Na zaci wani farfesa ne da ya tsufa a ɗakin gwaji. Ashe ma'aikacin gwamnati ne, injiniyan gadoji da hanyoyi, Henry Darcy, haifaffen garin Dijon a Faransa. An haife shi a 1803, ya mutu a farkon 1858. Abin da ya ɗaure mini kai, dokar da muke ta haddacewa can ƙarshen wani littafi take, cikin rataye. Shi kuwa littafin, na 1856, bayani ne na yadda ya kawo wa garinsu ruwan famfo. Kuma da aka gama aikin aka ba shi ladansa faran 55,000 ya ce ba ya so. To ni ra'ayina, ruwan da ya kawo shi ne babban aikinsa. Dokar ko bai gano ta ba wani zai gano. Me kuka gani?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ɗalibi, "wani zai gano" magana ce da ake yi bayan an riga an gano. Ruwan da ya kawo garin da mutanensa ba su kai 30,000 ba ya sha. Dokar kuwa duk wanda ya haƙa rijiyar burtsatse, ko ya gina madatsa, ko ya haƙo man fetur, a ƙarƙashinta yake aiki ko ya sani ko bai sani ba. Masu haƙar mai har ma'auni suka sa wa sunansa, da "darcy" suke auna yadda dutse ke barin mai ya ratsa shi. Ina ka haɗa?

Uwar_Biyu:
Don Allah Malam a yi mana da Hausa. Ba duka muka yi kimiyya ba. Mece ce dokar?

Malam_Lissafi:
To Hajiya. A 1855 ya sa aka kafa wani bututu a tsaye a harabar asibitin Dijon, faɗinsa santimita 35, aka cika shi da yashin kogin Saône. Shi da wani injiniya mai suna Charles Ritter suka riƙa tura ruwa ta sama yana fita ta ƙasa, suna auna matsin ruwan a sama da ƙasa, suna kuma auna lita nawa ke fita a minti ɗaya. Sai suka ga abin yana tafiya a kan ƙa'ida. In ka ninka bambancin matsi, ruwan da ke fita ya ninku. In ka ninka kaurin yashin, ruwan ya ragu da rabi. In ka ninka faɗin bututun ta yadda filin yashin ya zama biyu, ruwan ya zama biyu. Saura abu ɗaya, wato halin shi kansa yashin, shi ne ake rubutawa da harafin K. Yashi mai manyan ƙwayoyi K ɗinsa babba ne, laka kuwa nata kamar babu. Shi ke nan dokar.

Wani abin dariya, ruwan da suke gwajin da shi daga famfon asibitin yake, wato ruwan da shi ya kawo. Duk sanda aka buɗe famfo ko aka rufe a wani ɗaki sai ma'auninsu ya yi ta rawa. Shi da kansa ya rubuta haka.

Uwar_Biyu:
Au, wannan ce dokar? Ai kakata ta san wannan. Da rani in rafi ya ƙafe, yashi suke tonawa ruwa ya tsattsafo garai-garai. Kuma ta san inda za ta tona, ba ta zuwa wajen laka.

MaiBurtsatse:
Hajiya kin faɗi gaskiya, kuma Malam ma ya faɗi gaskiya. Shekarata 19 ina wannan sana'a. Kakarki ta san ruwa zai fito. Abin da ba za ta iya gaya miki ba shi ne lita nawa zai fito a awa, kuma in maƙwabci ya tona nasa ramin kusa da nata, nata zai ragu da nawa. Nan lissafi ke shigowa. In muka gama haƙa muna sa injin ya yi ta zuƙo ruwa na sa'o'i muna auna yadda ruwan ke sauka a cikin rijiyar, daga nan ake sanin girman famfon da za a saka. Wanda ya tsallake wannan gwajin shi ne yake saka wa mutane babban famfo a ƙaramar rijiya, bayan wata uku ya ƙone.

Sarkin_Shakka:
Ni maganar faran 55,000 ɗin ce ban gane ba. Mutum yana cin albashin gwamnati, aikinsa ne ya yi. Don ya ƙi karɓar ƙari sai a mai da shi waliyyi? Kuma ku tuna, Faransar da ke shimfiɗa wa Dijon bututu ita ce ta afka wa Aljeriya tun 1830 tana ƙona ƙauyuka. Kullum sai mun nemo wani Bature mun ɗora a kai.

Ɗan_Damagaram:
Sarkin_Shakka, maganar Aljeriya gaskiya ce, mu da Faransa ta mulka ba sai an tuna mana ba. Amma kuɗin nan ba goro ba ne, kason da ya halatta injiniya ya karɓa ne a kan aikin da ya yi wa gari. Haƙƙinsa ne ya bari. Lambar zinariya kawai ya karɓa, sai kuma majalisar gari ta ce gidansa ya sha ruwa kyauta har ƙarshen ransa. Kuma kada wani ɗan Nijar ya karanta ya ce jika 55 ce kawai, ba sefa ba ce. Faran na wancan zamani ne, lokacin da lebura ke yini yana aiki a kan faran ɗaya ko biyu.

Na yi karatu shekara biyu a Dijon. In ka fito daga tashar jirgin ƙasa ka nufi cikin gari, dandalin farko da za ka tarar sunansa yake ɗauke da shi. Akwai lambu a wurin, da gunkin wata farar dabbar ƙanƙara da yara ke hawa ana ɗaukarsu hoto. Na fi wata shida ina zama a lambun nan ina cin burodi kafin in san cewa a kan tankin ruwansa nake zaune, yana binne a ƙarƙashi. Da can ma sunan wurin dandalin shato, irin shaton da muke cewa a gida, wato tankin ruwa, bayan mutuwarsa aka canza.

Bazazzagiya:
Tanki a ƙarƙashin ƙasa kuma? To da me ruwan ke hawowa? Wane inji gare su a lokacin?

Tsohon_Ma'aikaci:
'Yata, tambayarki ita ce gaba ɗayan labarin, kuma ita ta sa na goyi bayan yaron da ya buɗe zancen. Babu inji ko ɗaya. Na yi shekara 32 a aikin ruwa kafin in yi ritaya, kuma ban ga abin da ke kashe aikin ruwa kamar inji ba.

Bari in ba ku yadda abin yake. Kafin Darcy, mutanen Dijon rijiyoyin gida suke sha da ruwan sama da suke tarawa daga rufi. Rijiyoyin kuwa ga su kusa da masai. Akwai wani rafi, Suzon, da ya ratsa garin, shi ne kwatarsu. Shekaru aru-aru ana kawo shawara ana watsarwa. An ma haƙa wata rijiya mai zurfin kusan mita 150 a dandalin Saint-Michel da fatan ruwa zai yi tsiri da kansa, bai yi ba, abin da ta bayar bai isa gari ba. A 1834 Darcy ya miƙa wa magajin gari rahoto. Ya bi duk shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, ya auna, ya yi lissafin kuɗi, ya ce a bar batun ɗaga ruwan kogi da inji, a je wani marmaro da ake kira Rosoir a arewacin gari. Dalilinsa biyu: ruwan mai kyau ne mai sanyi, kuma marmaron ya fi garin tudu.

Aka soma aiki a 1839. Suka gina hanyar ruwa da dutse, rufaffiya, tsawon kilomita 12.7, tana gangarowa a hankali. Ranar 6 ga Satumba 1840 ruwa ya iso tanki. Shi ma tankin an zaɓa masa wuri mai ɗan tudu a bakin gari, saboda haka ko da yake a binne yake, ya fi yawancin unguwanni bisa. Daga nan bututun ƙarfe na kusan kilomita 28 ya raba ruwan. Ruwa kimanin lita 8,000 a minti ɗaya, dare da rana, ba gawayi, ba man dizal, ba jiran a kawo wuta.

Ku kwatanta. Ko a Kano, tankunan da ke kan Goron Dutse dabarar ke nan, a kai ruwa bisa ya gangaro da kansa. Bambancin, kogin Challawa yana ƙasa, dole sai inji ya tura ruwan sama tukuna. Shi kuwa Allah ya ba shi marmaro a kan tudu, ya kuma yi hankalin da bai raina shi don nisa ba.

Bazazzagiya:
Na gode Baba. Amma ruwan gidajen masu kuɗi aka kai ko?

Tsohon_Ma'aikaci:
A'a, kuma nan ne mutumin ya burge ni. Famfunan kan titi ya kafa, kimanin 140, tsakanin wannan da wancan kamar mita 100. Kin ga ke nan ba wanda zai yi tafiyar da ta wuce mita 50 da bokiti. Kuma kyauta. Mai son a ja masa har cikin gida shi ne zai biya.

Ɗan_Garuwa:
To Baba da a garinmu ne ai ya kashe mana kasuwa. Kura ɗaya jarka 12, da ita nake ciyar da mutum bakwai.

Uwar_Biyu:
Ɗan_Garuwa ka yi haƙuri, wallahi da za a kashe kasuwar da na yi sadaka. Abin da nake kashewa a ruwa duk wata ya fi kuɗin makarantar ƙaramin ɗana.

Ɗan_Garuwa:
Hajiya ni ma da zan samu wani aikin ai da na huta da turin kura. Bayana ya gama lalacewa.

Gwanin_Tarihi:
Ina ganin an manta da babban abu. Shi ne ya ƙirƙiro tace ruwa da yashi, wanda ya kawo ƙarshen kwalara a Turai.

Malam_Lissafi:
A'a Gwani, a nan ka zame. Tace ruwa da yashi ya riga shi. James Simpson ya gina wa wani kamfanin ruwa na Landan irin wannan matata tun 1829. Abin da Darcy ya nema shi ne hanyar lissafa girman matatar da gari ke bukata, don waɗanda ake ginawa a lokacin filaye ne maka-maka masu cin kuɗi. Ruwan Dijon ma bai bukaci matata ba, daga marmaro yake. Batun kwalara kuma, a zamaninsa yawancin likitoci wari suke zargi. A 1854 ne John Snow ya nuna cewa famfon wata unguwa a Landan ke yaɗa ta, kuma ba a yarda da shi nan take ba.

Gwanin_Tarihi:
Na karɓi gyara Malam.

Sarkin_Shakka:
Har yanzu ba a amsa mini ba. Ɗan gata ne, an ba shi aiki a garinsu, ya yi. In an ba injiniyoyinmu kuɗi da lokaci su ma za su yi.

Ɗan_Damagaram:
Rabin maganarka ta biyu na yarda da ita. Amma gata da sauƙi. Ubansa ma'aikacin haraji ne, ya mutu a 1817 yaron yana da shekara 14. Uwarsa ce ta yi ta faɗi-tashi har da cin bashi don shi da ƙanensa su yi karatu. A 1821 ya ci jarrabawar shiga École Polytechnique, bayan shekara biyu ya wuce makarantar injiniyoyin gadoji da hanyoyi. Wanda ya san tsarin Faransa ya san waɗannan makarantu ba a shigarsu da takardar kawu.

Kuma ba ruwa kaɗai ya yi wa garin ba. Da za a shimfiɗa layin dogo daga Paris zuwa Lyon, akwai shawarar a bi wata hanya a kauce wa Dijon saboda tuddai. Shi ya tsaya kai da fata, ya zana hanyar da ta huda dutse a Blaisy, rami mai tsawon kilomita 4 da 'yan kai. Mu da muka ga yadda dogo ya ɗaga Kano daga 1911 mun san abin da ake nufi da a ce jirgi ya bi ta garinku ko ya kauce.

Sakayyar da aka yi masa fa? Da aka yi juyin juya hali a 1848 aka kori sarki Louis-Philippe, sabuwar gwamnati ta ɗauke shi mutumin tsohuwar gwamnati, ta cire shi daga Dijon. Majalisar gari ta yi ƙorafi, a banza. Aka tura shi Bourges aikin wata hanyar jiragen ruwa.

Tsohon_Ma'aikaci:
Hmm. Wannan kam na san ɗanɗanonsa. Ni ma an taɓa yi mini canjin wurin aiki cikin kwana biyu don na ƙi sa hannu a kan bututun da na san ba zai ɗauki matsi ba. Ba zan faɗi wuri ba. Bututun dai ya fashe kafin damina ta biyu.

Bazazzagiya:
Allah ya saka maka Baba. To shi daga Bourges ɗin fa?

Malam_Lissafi:
Bai daɗe ba aka kira shi Paris ya riƙe sashen ruwa da tituna. Har Landan aka aike shi ya duba yadda suke shimfiɗa titi da tsakuwa, birnin Brussels ma ya nemi shawararsa a kan ruwansu. A Paris ɗin ne ya yi gwaje-gwajen gudun ruwa cikin bututu iri-iri, na ƙarfe, na darma, na gilashi, sabo da tsoho. Ya nuna cewa kaushin cikin bututu yana cinye ƙarfin ruwa, tsohon bututu mai tsatsa ba zai ba ka abin da sabo ke bayarwa ba ko da faɗinsu ɗaya. An buga wannan a 1857. Ɗan_Samaru, lissafin Darcy da Weisbach da kuka yi a aji biyu daga nan rabinsa ya fito. Ka ga doka biyu ke nan, kai kana kukan ɗaya.

Lafiya ce ta ci ƙarfinsa, ya ajiye aiki a 1855 ya koma gida. Wato gwajin yashin nan mutum ne marar lafiya, wanda ya riga ya bar ofis, ya yi shi. Bayan shekara biyu da 'yan watanni ciwon huhu ya kashe shi a Paris yana da shekara 54. Aikin da ya bari a kan gudun ruwa a buɗaɗɗiyar hanya mataimakinsa Henri Bazin ne ya ƙarasa, ya fitar a 1865.

ƊanYerwa:
Rijiyar da Baba ya ce ta ƙi yin tsiri ta tuna mini da gida. A Borno an yi irinta ta yi. Wajen ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 an haƙa rijiyoyi masu zurfi a yankin tafkin Chadi, ruwa yana fitowa da kansa ba famfo, da ɗuminsa. Mahaifina ya ce dare da rana suke zuba, shanu na sha, sauran ya bi ƙasa. Ba wanda ya sa musu makulli. Yanzu da yawa ƙarfinsu ya ragu, wasu sun tsaya. Wannan ma dokar ce?

MaiBurtsatse:
Ita ce. Matsi ya ragu, ruwa ya ragu. Ku a Borno kuna kan yashi mai kauri da laka ta rufe shi, dokar tana aiki tsaf, haka ma wajen Sakkwato. Amma in gaya wa ɗalibinmu wani abu da zai tarar in ya fito fili: a Zariya da yawancin Kano, mita kaɗan za ka ci ka tarar da dutse. Ruwa a cikin ruɓaɓɓen dutsen sama yake da tsagogi. Ka haƙa nan ka samu, ka matsa taku 20 ka fito da ƙura. Darcy yashi ya gwada, bai gwada tsagar dutse ba. A irin wannan wuri na'urar bincike da dacewa sun fi lissafi aiki.

Ɗan_Damagaram:
Kada ka tuna mini. Damagaram a kan dutse take zaune, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birni Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo mana ruwa, kuma mu ba mu da marmaro a kan tudu, sai foraj, wato burtsatse, da inji.

Sarkin_Shakka:
To kun gani. Sa'a ya yi da ƙasarsu. A kawo shi Damagaram mu ga gwaninta.

Tsohon_Ma'aikaci:
Sarkin_Shakka, marmaron nan yana wurin tun kafin a haifi kakan kakansa, kuma an sha ambatarsa cikin shawarwari. Sai da aka samu wanda ya je ya auna shi rani da damina, ya shawo kan ƙauyukan da ke hanya da ba su nasu kason ruwan, ya daidaita da masu gonaki da masu injin niƙa da ke amfani da rafin. Wannan ɓangaren ba a koyar da shi a aji, kuma shi ya fi wuya.

Uwar_Biyu:
Tunda masana sun taru, bari in yi tawa tambayar. Maƙwabcinmu ya haƙa sabon masai jikin katangarmu, tsakaninsa da rijiyata bai fi taku goma ba. Ƙasarmu yashi ce. In damu?

MaiBurtsatse:
Ki damu Hajiya. Abin da aka saba ba da shawara shi ne aƙalla mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare, ba ta tudu ba. Yashi yana tacewa, amma yana kuma barin ruwa ya wuce da sauri, taku goma bai isa ba, balle da damina in ruwan ƙasa ya taso. Kafin ku daidaita da shi a riƙa tafasa na sha ko a sa maganin ruwa. Kuma maigida ya yi masa magana da lalama, wataƙila bai sani ba ne.

Ɗan_Samaru:
Na karanta duka, na gode ƙwarai. Malam, na janye "wani zai gano". Amma ban sauka daga ra'ayina ba. Da bai yi shekara 20 yana fama da ruwan gari ba, me zai sa ya cika bututu da yashi? Ko ruwan gwajin ma kai ka ce daga famfonsa yake.

Malam_Lissafi:
Wannan hujjar ta fi ta farko, sai dai ba za ta ba ka maki ba. Ga aikin gida: yashi mai kaurin mita 2, bambancin matsi mita 1, fili murabba'in mita 10, K mita 5 a rana. Lita nawa a rana?

Ɗan_Samaru:
25,000.

Malam_Lissafi:
Daidai. Je ka kwanta.

Ɗan_Garuwa:
Jarka 1,000 ke nan in ta lita 25 ce. MaiBurtsatse, don Allah duba saƙonka, akwai wani fili a bayan gidanmu da nake so ka zo ka gani.